Marta 'Yar Dambe da 'Yata ta Fari

Labarin damben yayarku kun mayar da shi abin hira a taron Sallah, kowa ya ɗauko sai ya ƙara masa gishiri, ku yi ta ƙyaƙyata dariya ina jin ku. Ban taɓa tanka muku ba, domin a lokacin da abin ya faru Sadiƙ ko wandonsa bai iya ɗaurewa ba, Hafsa kuwa tana goye. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa muku yadda aka yi, tunda a gabana aka yi kuma da ni aka yi.

Abbanku ya samu tallafin gwamnati na karatun dakta, muka tattara muka tafi Kuala Lumpur. Sauran 'yan Najeriya duk Bukit Jalil suke tururuwa, kusa da makarantu, amma shi ya ce Sentul ta fi masa, ya kama mana gida a wani dogon bene da ke kallon layin dogo. Kullum ya bi jirgi ya tafi makaranta, ni kuma in na gaji da kallon bango in hau mota zuwa kasuwar Chow Kit in sayo nama da kuɓewa da attarugu. Yayarku ba da ita muka tafi ba. 'Yar fari ce, ana yaye ta mahaifiyata Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta ta yi wayo a Kano. Haka ake yi a gidanmu. Ba na ɗaukar ta a gaban mutane, ba na yabon ta, sunanta kuwa bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da liman ya raɗa mata shi. Haka Inna ta yi wa babban yayanmu har ya yi furfura, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Sai da idon Inna ya raunana aka sako mana yarinyar a jirgi, ta iso tana neman shekara goma sha biyu.

To, nan fa aka samu matsala. A Kano duk wanda ya ji na ce “ke” ko “waccan” ya san abin da nake yi, har a yaba min kara. A Malesiya wa ya sani? Yarinya tana tsaye a ƙofar makaranta tana ganin matan Malay suna rungume 'ya'yansu, ana sumbatar goshi, ana ta “sayang, sayang”, wato masoyiyata. Ta dawo gida ta ji ina cewa Sadiƙ ya kira min yayarsa ta zo ta ci abinci, alhali ga ta nan a gabana. Matan unguwa kuma Maman Sadiƙ suke ce min, don shi suka fara gani a hannuna, kuma ban taɓa gyara musu ba. Ina son yarinyar nan, Allah shi ne shaida, son da ban yi wa ɗayanku irinsa ba, ku yi haƙuri da jin haka. Tsokar da ta fi kyau a ƙasan kwanonta nake binne ta. In ta yi zazzaɓi ni ce ba na iya haɗiyar ruwa. Amma ita ba ta iya karanta wannan ba, babu wanda ya koya mata. Ta fara amsa min da Turanci, daga baya Turancin ma ya ƙare, sai ɗaga kafaɗa.

Marta a lif ɗin benenmu na fara ganin ta. Baturiya ce gajera mai faɗin kafaɗa, gashi a daddatse, hancinta a karkace, ga kuma wani baƙin tabo a ƙasan idonta na hagu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, nan take raina ya ɓaci. Na haɗa ɗan Turancina na sakandare da ɗan Malay ɗin kasuwa na ce mata ta yi haƙuri, Allah zai saka mata, kuma in mijin ya sake ta sauko hawa na bakwai ta buga min ƙofa. Matar nan ta dube ni, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce ai ɗalibarta ta dambe ce ta yi mata, kuma ta ji daɗin naushin, wata da watanni tana koya mata shi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari sai ga ta a ƙofata da wani burodi mai tsami da ta gasa da kanta, na zuba mata tuwo da miyar kuka, ta cinye tas ta nemi ƙari. Daga ranar take ce min Kak Zulai, yadda Malay ke kiran babbar yaya.

A hankali na san tarihinta. 'Yar ƙasar Poland ce, daga wani garin masu haƙar kwal, ubanta a rami ya ƙare rayuwarsa. Tana yarinya ba a karɓar mata a gidan dambe, sai ta riƙa raka wanta tana riƙe masa jaka, in maza sun watse ta yi ta dukan buhun yashi. Har mai gidan ya gaji da korar ta ya ce ta shigo. Ba ta taɓa yin damben sana'a ba, na sha'awa take yi, irin wanda ake sa hular kariya a yi don lamba da tuta. Da asuba tana aiki a gidan burodi, da yamma tana fage. Ta ci na garinsu, ta ci na yankinsu, ta sa rigar ƙasarta ta je ƙasashen maƙwabta, ta ci wasu aka cinye ta a wasu. Hancin nan sau biyu ana karya shi. Lokacin da aka buɗe wa mata ƙofar babbar gasar duniya, wadda ta yi ta mafarki, shekaru sun riga sun ja, ƙashin hannunta na dama kuma ya tsage ya ƙi haɗewa daidai. Ta ce min ta yi kuka na kwana biyu, a na uku ta tashi ta koma gidan burodi. Aikin mijinta ne ya kawo su Malesiya, ita kuma ta kama wani ɗaki a saman shagon masu gyaran babur ta rataye buhuna. Ban taɓa jin ta yi da-na-sani ba, kuma ban taɓa jin ta yi alfahari ba. In ta ba da labarin faɗan da ta ci da wanda aka ci ta, murya ɗaya take ba da su.

Da safe mata zalla take koyarwa, a rufe ƙofa a saki labule. Ni na fara zuwa, don likita ya ce jinina yana hawa. Ku daina dariya, na daki buhu, kuma Marta ta ce hannuna na hagu yana da nauyi. Wani hutun makaranta na tafi da yayarku don ta riƙe min Hafsa. Ina cikin haki na juya, sai na ga ta ajiye jaririya a kan tabarma ta zura hannu a safar dambe. Naushi ɗaya ta kai wa buhun, Marta ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bayanta. Abbanku da aka kai masa maganar koya mata dambe ya tambaya ko da maza, aka ce babu. Ya tambaya ko za ta rufe jikinta, aka ce dogon wando da riga mai dogon hannu, da ɗan hijabi a ƙarƙashin hular. Ya ce to, gara ta daki buhu da ta riƙa dukan ƙofofin gidansa. Matan Bukit Jalil kuwa suka samu abin yi. Duk walimar da na je sai an yi min hannunka-mai-sanda, wai wa zai auri mace mai naushi. Na ce musu wanda ya san ba zai yi abin naushi ba.

Yarinya ta canza a hannun Marta. Ta miƙe, ta fara cin abinci kamar manomi, har dariya na ji tana yi a matakala. Sai dai duk wannan ba nawa ba ne. Marta ce ke kiran sunanta sau ɗari a rana, Marta ce ke dafa kanta ta ce ta yi ƙoƙari. In sun shigo gida tare fuskarta a sake, Marta na fita ta rufe kamar an tura taga. Na ji kishi, ba zan ɓoye muku ba. A shekararmu ta ƙarshe, Abbanku yana haɗa kundinsa muna shirin komawa gida, wata ranar Lahadi ina kicin ina yanka albasa na ji ta a falo tana roƙon sa da Turanci. Wai a bar ta a Malesiya ta ƙarasa makaranta, Marta ta ce akwai ɗaki. Ya ce mata ina aka taɓa yin haka, uwarki fa? Abin da ta amsa masa da Hausa ta faɗe shi, ina jin don ya iso kicin ne.

“Abba, wace uwar? Maman Sadiƙ ce. Ni 'yar riƙo ce a gidan nan.”

Na ajiye wuƙar. Na san Abbanku ba zai bar ta ba, jirgi ɗaya za mu hau ko tana so ko ba ta so. Amma gangar jiki za mu kai Kano, yarinyar ta riga ta fita daga hannuna, kuma shekara biyu ko uku suka rage aure ko jami'a su ɗauke ta da wannan maganar a ranta. Ranar Litinin ban je dukan buhu ba, na tare Marta a ƙasan bene na ja ta shagon mamak, wato na Indiyawa masu shayi, muka zauna da kofin shayi mai kumfa. Da faɗa na je. Na ce mata ta ci tuwona ta zagaya tana raba ni da 'yata. Ta ce ita ba ta yi wa kowa tayin ɗaki ba, cewa ta yi sai abin da iyaye suka ce. Sannan ta tambaye ni abin da ta ce ya daɗe yana cin ta: me yarinyar nan ta yi min da ba na kiran sunanta? Na zauna na yi mata bayanin kunyar ɗan fari tiryan-tiryan, na ce wannan girmamawa ce, ba ƙiyayya ba, kuma duk Bahaushe ya san haka.

Na zaci za ta yi min dariya irin ta Turawa. Ba ta yi ba. Ta ce ta gane, domin uwarta ma ba ta taɓa zuwa kallon dambenta ba, ba ta taɓa tambayar wa ya ci ba. In ta dawo da fuska a kumbure sai dai ta tura mata miya da ƙanƙara a tsumma, ba uffan. Ta girma tana ganin uwar kunyarta take ji. Sai bayan an binne tsohuwar wata maƙwabciya ta gaya mata cewa duk ranar da take da faɗa uwar a ɗakinta take wuni, kusa da tarho, ba ci ba sha, sai an bugo an ce ta sauko lafiya. Marta ta juya kofinta ta dube ni.

“Kak Zulai, ni daga bakin maƙwabciya na ji, bayan an rufe kabari. Taki ma kina so ta ji daga bakin maƙwabciya?”

Na tashi a fusace ko shayin ban ƙarasa ba. Wai wannan matar da ko ɗan kanta ba ta da shi ita za ta koya min tarbiyya! Amma maganar ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi, ta ƙi wucewa ta ƙi fitowa.

Ana haka aka sa gasar sada zumunci tsakanin gidajen dambe, a wani ɗakin taro na unguwa nan Sentul, ranar Asabar bayan azahar. Shi ne faɗan yayarku na farko a gaban alƙalai, kuma duk mun san shi ne na ƙarshe, don a Kano babu inda za ta yi. Wata da watanni tana gudu da safe tana tsallen igiya saboda ranar nan. A al'adarmu bai ma kamata in je ba. Na sa mayafina na je, na zauna can layin baya kusa da fanka, Hafsa a cinyata. Maman Khalil, shugabar masu tsegumin Bukit Jalil, ta zo da tawagarta, wai sun zo ba da goyon baya. Abokiyar karawar wata doguwar 'yar Sin ce, uwarta tana layin gaba da gorar roba cike da tsakuwa, tana kaɗawa tana ƙwala sunan 'yarta kamar za ta tsaga rufin.

Turmi uku ake yi, kamar na mahautanmu. A na farko yayarku ta shige ƙarƙashin dogayen hannayen nan ta yi ta sakar mata a haƙarƙari, yadda Marta ta koya mata. A na biyu ma haka. Ni ban san lissafinsu ba, amma na ga Abbanku ya cire hula yana murza ta, na ga Marta tana gyaɗa kai. Da aka kaɗa ƙararrawar hutu ta zauna a kusurwarta, Marta na ba ta ruwa tana yi mata magana, ita kuwa idonta yana yawo cikin mutane layi-layi. Har ya iso kaina. Muka haɗa ido. Ni kuma, sabo da abin da aka gina ni a kai, na sunkuyar da kai na kama gyara wa Hafsa hula. Da na ɗago ta riga ta juya, na ga fuskar nan ta rufe yadda take rufewa a gida. Ta tashi turmi na uku tana dambe mai kyau, amma kamar mai biyan aikin da aka sa ta.

A nan na yanke shawara, kuma da hankalina na yanke ta, kada wani ya ce muku ruɗewa na yi. Na san Maman Khalil tana gefena. Na san kafin magariba labari ya isa Kano. Na miƙa mata Hafsa, na miƙe tsaye, na cika ƙirjina da iska.

“Asma'u!”

Abin da ban lissafa ba shi ne tarbiyyar Inna. Yarinyar da aka koya wa cewa in babba ya kira ka, ko wuta kake hurawa ka saki ka amsa. Duk ɗakin nan ana ta kiran sunaye babu wanda ya waiwaya, don sun saba. Ita kuwa muryar da ba ta taɓa jin ta ɗauki sunanta ba ta ji. Ta sauke hannaye biyu, ta juyo gaba ɗaya, da robar haƙori a bakinta na ga leɓenta ya yi “na'am”. 'Yar Sin ba ta yi laifi ba, hannunta ya riga ya taso. A kan hanci ya sauka. Yayarku ta zauna daɓas, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, alƙalin wasa ya duba ya kaɗa hannu ya ce an gama. Aka ɗaga hannun waccan.

Marta ta sauko kamar za ta cinye ni ɗanya. Ta yi ta zazzaga masifa da yarensu, ta koma Turanci ta ce yarinyar ce a gaba, saura ƙiris a tashi, shekara nawa na yi shiru sai yau na ga damar buɗe baki? Na ce mata ke kika ce in kira. Ta ce a gida take nufi, a kicin, ba a tsakiyar turmi ba. Ta yi kwanaki ba ta zo cin tuwo ba, don ita ta san abin da faɗa ɗaya yake nufi ga wanda ba zai samu na biyu ba. Inna kuwa da labari ya same ta ta bugo waya ta ce ashe zaman Turai ya cinye min kunya, na tsaya gaban maza ina kiran sunan 'yar fari kamar mai tallan goro. Har ta koma ga Allah tana yi min gorin wannan. Ban ba ta haƙuri a kai ba, ita ma ta san ban ba ta ba. Lambar da yayarku ta yi wa wahala ta tafi, kuma ba ta sake shiga fage ba har yau. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ita ta biya fiye da ni.

Amma ku ba ku shiga ɗakin canza kaya ba, ni na shiga. Na same ta zaune a kan benci, kai a ɗage, auduga a hanci, rigar duk jini, hannayen har lokacin a cikin safa don babu wanda ya kwance mata. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Malay ta gan ni ta ba ni wuri ta fita. Na durƙusa a gabanta na kama igiyar safar ina kwancewa, ban iya ba, na sa haƙori. Tun tana jaririya rabon da in riƙe hannunta haka. Na shirya jin kowace irin magana, don ta isa ta yi fushi. Idonta a silin ta yi magana da Hausa, muryar a toshe saboda audugar.

“Umma, ashe kin san shi.”

Na ce, “Ni na zaɓe shi. Abbanki wani ya so, na aika Inna ta gaya masa wannan nake so.”

Ta sauko da kanta ta dube ni, jinin ya sake zubowa. Na tallafi haɓarta na mayar da kan sama, na ce ta zauna yadda aka ce mata. Hawaye yana gangara ta gefen kunnenta yana shiga hijabin.

“Ki sake faɗa,” ta ce. “Ɗazu ban ji da kyau ba, an katse ni.”

Na goge mata fuska da bakin mayafina na faɗa a hankali, yadda ake kiran mutum a cikin ɗaki. Ta amsa. Sannan na ci gaba da kwance mata ɗaya hannun.